Babi na Takwas: Farin Tabon Baki da Wuƙar Likita

Duk wanda ya daɗe yana cin garin taba yana da wurin da yake ajiye ta a baki. Wani tsakanin leɓen ƙasa da dasashi, wani a lungun kunci, wani ƙarƙashin harshe. Shekara ashirin, shekara talatin, wurin bai sauya ba. In ka sa irin wannan dattijo ya kurkure baki, ka ja leɓensa a hasken rana, sau da yawa za ka tarar fatar wurin ta yi fari, ta yi kauri, ta tattare. Ba ta ciwo, ba ta hana cin tuwo, ba ta hana zuwa gona. Shi ya sa da wuya a ga wanda ya taso takanas domin ta zuwa gidan likita, a Dogo-Dogo ne ko a Yamai.

Kanwar da ake niƙawa cikin tabar ita ke sa ta kama mutum, don tana buɗe wa nikotin hanya ya ratsa fatar baki da sauri. Masu ɓata fatar kuwa wasu sinadarai ne da ke cikin tabar kanta, ana ce musu nitirosamin. A Sudan akwai tabar da ake kira tumbak, haɗinta ɗan'uwan namu ne, ganye da kanwa. Da masana suka auna ta a farkon shekarun 1990, sun tarar nitirosamin ɗinta ya kai ninki ɗari na wanda ke cikin tabar baki ta Suwidin da Amurka, kuma sankarar baki a can takan fito daidai inda mai ita ke ajiye tabar. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon na Faransa, ta daɗe da sa tabar baki cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna kawo sankara, tare da sigari da giya. Goro ba ya cikin wannan jeri. Wata ƙwaya da ake taunawa a Indiya da Pakistan tana ciki, amma itacenta daban, ba ta haɗa komai da goro ba. Laifin goro a nan shi ne rina baki, shi da furen taba da mata ke gogawa a haƙora, har mai dubawa ya kasa ganin abin da ke ƙasa.

Wani likitan fata ɗan ƙasar Hangari, Ernő Schwimmer, shi ya raɗa wa farin tabon suna lukoplakiya a 1877. Yana da ɗan'uwa ja, eritroplakiya, wanda bai kai shi yawa ba amma ya fi shi haɗari nesa ba kusa ba. A wani taro da aka yi a Landan a 2005, masanan cututtukan baki suka tsaya a kan magana biyu waɗanda wannan babi duka ya rataya a kansu. Ta farko, ba kowane tabo ke zama sankara ba. Ta biyu, mai tabo yana iya samun sankara a wani gefen bakin da ba a taɓa ganin tabo ba.

Kafin a zo maganar yanka sai an tace, don mafi yawan farin da ake gani a baki ba na wuƙa ba ne. Akwai wanda ke kama jarirai, da masu ciwon suga, da masu sida: in aka goga auduga sai ya fita ya bar ja, kuma magani ke warkar da shi. Akwai wani fari-fari mai ruwan toka a cikin kunci duka biyu, wanda ya yawaita ga baƙar fata. In aka ja kuncin ya miƙe sai ya ɓace. Wannan halitta ce, amma sabon ma'aikacin da ya yi karatu da hotunan bakin Turawa yana iya tsorata mutum a banza saboda shi. Akwai kantar da karyayyen haƙori ke yi a gefen harshe, wadda maganinta a goge kaifin haƙorin ko a cire shi, a sake dubawa bayan sati biyu ko uku. Tabon taba ma yakan ja da baya in an bar tabar. A 1999 aka buga wani bincike kan sababbin kuratan sojan sama na Amurka, waɗanda dokar bariki ta hana su taba tsawon sati shida. Kusan duk masu farin tabo a cikinsu sun fito da baki garau. Samari ne, tabarsu kuma ba ta kai tamu ƙarfi ba, saboda haka ba za a yi wa dattijon Dogo-Dogo wannan alkawari ba. Amma aikin farko a kan tabon taba shi ne a ajiye tabar sati shida a gani.

Wanda ya rage bayan wannan tacewa shi ne abin magana. A 1975 wasu likitoci biyu na Amurka, Waldron da Shafer, suka bi sakamakon ƴan yankan tsoka 3,256 da aka ɗebo daga fararen tabo. Kashi 80 cikin ɗari ba a ga wata ɓarna a ƙwayoyinsu ba. Amma a waɗanda aka ɗebo daga ƙasan baki, ƙarƙashin harshe, fiye da kashi 40 sun fara lalacewa ko sun riga sun zama sankara. A jan tabo kuwa, su dai waɗannan likitoci sun tarar tara cikin goma ko dai sankara ce ko abin da ke dab da ita. Daga nan da binciken da ya biyo baya aka san alamun da ke sa likita ya gyara zama: tabo a gefen harshe ko ƙasan baki, tabo mai rodi-rodin fari da ja, mai ƙuraje ko tsagewa, wanda faɗinsa ya wuce farcen babban yatsa, wanda ya yi tauri in an taɓa. Akwai kuma abin da ke ba mutane mamaki: tabon da ya fito a bakin wadda ba ta taɓa kusantar taba ba ya fi na mai taba saurin juyewa. Na mai taba an san dalilinsa, ana iya janye dalilin. Nata ba abin da za a janye.

Ido ba ya yanke hukunci. Sai an yi allurar kashe zafi, an yanko ɗan guntu daga inda tabon ya fi muni, an jefa shi cikin kwalbar formol, an aika wa likitan da ke duba tsoka a madubin ƙara girma. Shi zai faɗi ko ƙwayoyin fatar sun fara fita daga tsarinsu, abin da ake kira displaziya, da kuma iyakar inda ɓarnar ta kai: kashi ɗaya cikin uku na kaurin fatar, ko biyu, ko duka. Muddin ba ta keta shimfiɗar da ke ƙarƙashin fatar ba, ba a ce sankara ba tukuna. Masu wannan aiki kaɗan ne a Nijar, yawancinsu kuma a Yamai suke, inda aka buɗe rajistar sankara ta ƙasa tun 1992. Kwalbar da ta tashi daga kudancin Damagaram tana da doguwar tafiya a gabanta, takardar sakamakon ma haka. Duk da wannan wahala, ba a yarda a yanke tabo a jefar da naman a kwandon shara ba. Wanda aka yi wa haka an raba shi da tabon, an kuma raba shi da sanin abin da ya same shi.

Tsohuwar hanya, wadda har yau ita ce ma'auni, wuƙar fiɗa ce. Likita zai zana iyakar tabon, ya ƙara milimita uku zuwa biyar na fata mai lafiya a kewaye, ya yanke duka har ɗan abin da ke ƙasa. Wasu sukan shafa ruwan aidin na Lugol kafin su zana, wanda ungozomomin asibiti suka sani daga awon bakin mahaifa. Lafiyayyar fatar gefen harshe da ƙasan baki takan sha shi ta yi duhu, mai ɓarna ta ƙi sha, sai iyakar gaskiya ta fito, wadda sau da yawa ta fi wadda ido ya gani faɗi. In tabon ƙarami ne, allurar kashe zafi ta isa, aikin bai fi rabin awa ba, a ɗinke da zaren da ke narkewa, mutum ya kwana gida. In ya yi faɗi sai an sa mutum barci, kuma rufe wurin ya zama aiki na biyu: a bar shi ya cike da kansa, ko a yanko siririyar fata daga cinya a shimfiɗa, ko a jawo kitsen da ke cikin kunci a toshe.

Baki wuri ne ƙarami mai cunkoso, kuma kowane lungu da abin da ake tsoro a cikinsa. Ƙarƙashin harshe akwai ƙofofin bututun da ke kawo miyau daga ƙasan muƙamuƙi. In ɗinki ya toshe su, wuya zai riƙa kumbura duk lokacin cin abinci. Akwai jijiyar da ke ba harshe ji, da wadda ke fitowa ta wani ɗan rami a ƙashin haɓa ta ba leɓen ƙasa ji, kuma wannan ta biyu tana kusa da inda masu taba suka fi ajiye ta. Wanda aka yanke masa ita zai sha kunu yana zuba bai sani ba. In aka ɗebe fata mai yawa a kunci, tabon ɗinkin yakan janye har buɗe baki ya ragu. In a harshe ne, lafazi yakan taɓu, abin da ba ƙarami ba ne ga malamin allo ko ladan. Saboda haka wannan aiki, duk ƙanƙantarsa, na wanda ya san cikin baki ne: likitan haƙori da ya saba fiɗa, ko na kunne da hanci da maƙogwaro, ko na muƙamuƙi da fuska.

Hanya ta biyu leza ce. Wani masani ɗan Indiya, Kumar Patel, ya ƙera irin wadda aka fi amfani da ita a baki a 1964, a ɗakin binciken Bell na Amurka, kuma likitoci suka fara ƙona fararen tabo da ita a shekarun 1970. Haskenta ruwan da ke cikin tsoka yake bi, ya tafasa shi nan take, fatar ta tashi tururi. Jini kaɗan ne, kumburi kaɗan, ba ɗinki, wurin kuma yakan warke da laushi, ba ya janyewa sosai. Ga tabon da ya mamaye dasashi ko ya bazu a ƙasan baki, wannan babbar fa'ida ce. Asibitin jami'ar Groningen a Holan ya ba da labarin tabo 282 da ya yi wa leza tsakanin 1976 da 2001: kusan kashi 90 cikin ɗari ba su dawo ba, kimanin kashi ɗaya suka zama sankara. Sai dai ana amfani da leza iri biyu. Ana iya yanka da ita kamar wuƙa a samu naman aikawa awo, ko da gefensa ya ɗan ƙone. Ana kuma iya ƙone tabon ƙurmus, ba abin da ya saura. Ta biyun ce ta fi sauƙi, ita ce kuma mai haɗarin da zan zo kansa.

Sauran hanyoyin ba sai an daɗe a kansu ba. Ana daskarar da tabo da ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai 196 ƙasa da sifiri, fatar ta mutu ta saɓule, amma ba a iya auna zurfin da sanyin ya kai, kumburi yana da yawa, nama kuma ba ya saura. Ana ƙonawa da wuƙar lantarki, wadda kusan kowane ɗakin fiɗa ke da ita, amma zafinta yakan dafa gefen naman har mai awo ya kasa karanta shi. Ana shafa wani magani da ke sa ƙwayoyi masu ɓarna su ƙi jure haske, sannan a haska su. Wannan sai manyan cibiyoyi. Magungunan sha da na shafawa kuwa, irin su bitamin A da dangoginsa, an gwada su shekara da shekaru. Sukan sa tabo ya dushe, a daina sha ya dawo, kuma bitar da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2016 ba ta sami hujjar cewa ɗayansu yana hana sankara ba.

Ita wannan bita ta faɗi wani abu da ya fi wannan nauyi: har lokacin ba a taɓa yin gwajin da aka raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yanke wa waɗannan a bar waɗancan, a ga bambanci ba. Fiye da shekara ɗari ana yanka, ba a auna ba. Abin da ake da shi labarin asibitoci ne, kuma ba bakinsu ɗaya ba. A Kofanhegan, Palle Holmstrup da abokan aikinsa sun bi tabo 269 shekaru da dama, suka buga sakamakon a 2006. Cikin 94 da aka yanke, kashi 12 cikin ɗari sun zama sankara. Cikin 175 da aka bari, kashi 4 kawai. Wanda ya karanta da gaggawa zai ce wuƙa ce ke tsokano cutar, kuma wannan magana ce da ake ji a zauruka da yawa, cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe. Ba haka ba ne. Likitocin munanan tabon suka zaɓa suka yanke, suka bar masu dama-dama. Amma lissafin ya nuna a fili cewa yanka bai kawar da haɗarin ba. A 2009 Hisham Mehanna da abokansa a Ingila suka tattara binciken da aka yi kan tabon da awo ya tabbatar yana da displaziya. Waɗanda aka yanke, kimanin kashi 5 cikin ɗari suka juye. Waɗanda aka bari, kusan kashi 15. Sai a 2021 aka buga gwajin ƙuri'a daga Turin ta Italiya, kan mutum 260 masu tabon da ba displaziya: sankara ɗaya ta fito a ɓangaren da aka yanke, ɗaya a ɓangaren da aka sa wa ido.

In aka haɗa waɗannan, abin da ke fitowa shi ne yanka yana rage haɗari ga tabon da ya fara lalacewa, bai nuna wata fa'ida a fili ga wanda bai fara ba, kuma ba ya mai da haɗarin kowa sifiri. Tabon kansa yakan dawo, daga ɗaya cikin goma har ɗaya cikin uku, gwargwadon irinsa da asibitin da ya ba da labari. Dalilin wannan wani likitan fiɗa na Shikago, Danely Slaughter, ya bayyana shi tun 1953, bayan ya duba naman mutum 783 masu sankarar baki. Ya tarar fatar da ke kewaye da ciwon, wadda ido ke gani lafiya lau, ita ma ta lalace, wani lokaci har da ƙananan sankara masu zaman kansu. Manomin gero ba ya bukatar dogon bayani a nan. Ka tuge ƙudujin da ya fito ya yi fure, ka yi daidai, amma irinsa yana cikin ƙasar gonar tun shekarun baya, kuma baɗi zai fito a wata kunya. Taba ba wuri ɗaya ta jiƙa ba, miyau ya kai ta ko'ina.

Tarihin Sigmund Freud, mashahurin likitan tunani na Biyana, ya ƙunshi kusan duk abin da ke cikin wannan babi. Mashayin sigar ne na gaske, har ashirin a yini. A 1923 ya ga wani tsiro a ganɗarsa. Wani likita da ya sani, Markus Hajek, ya ɗauki abin da wasa, ya yanke shi a ɗakin duba marasa lafiya na waje ba tare da shiri ba, jini ya ɓalle, da ƙyar aka ceto shi. Awo ya nuna sankara ce. Cikin wannan shekara wani likitan, Hans Pichler, ya cire masa wani ɓangare na muƙamuƙin sama da ganɗa, daga nan kuma ya riƙa duba bakinsa a kai a kai, duk tabon da ya ɓullo ya yanke ko ya ƙona. Sankarar ba ta sake bayyana ba sai 1936. Aikin da aka yi masa duka ya haura talatin, ya rasu a Landan a 1939 yana da shekara 83. Sa ido ya saya masa shekara goma sha shida. Sigar kuwa bai bari ba har ƙarshe, tabon ma bai daina fitowa ba.

Freud yana gari ɗaya da likitansa. Mutumin Dogo-Dogo fa? Kwamin ɗin yana cikin gundumar Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011, dab da iyakar Najeriya. Matakin farko ɗakin shan magani na ƙauye ne ko cibiyar lafiya ta CSI, inda majo, wato babban ma'aikacin jinya, yake. Daga nan asibitin gunduma, daga nan babban asibitin ƙasa na Damagaram, wanda ke kimanin kilomita 90 daga Magarya. Daga Damagaram zuwa Yamai kimanin kilomita 900 ne, kuma a can ne cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa take, wadda ta fara gashin sankara da na'ura a 2021. Kano ta fi Yamai kusa ƙwarai, asibitin koyarwa na Aminu Kano yana da sashen haƙori da fiɗar muƙamuƙi, mutanen wannan yanki kuma sun saba da hanyar saboda kasuwa da cin rani. Amma iyaka ba ta da tabbas: an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris na 2024. Kulawar kyauta da gwamnati ta kafa tsakanin 2005 da 2007 ta shafi fiɗar haihuwa, da yara ƴan ƙasa da shekara biyar, da sankarar mata. Bakin tsoho ba ya ciki. Kuɗin mota, da na masauki, da na awo, daga rumbu za su fito ko daga turke.

Littattafan Turai sukan ce tabo mai ƙaramar ɓarna a bar shi, a riƙa dubawa duk wata uku ko shida. Shawara ce mai kyau ga wanda zai dawo. A Turin an sa wa mutane ido da gaske, ƙwararru ne ke duba su, da ranar komawa a rubuce. Wanda zai bar gona da damina, ya bi hanyar da ruwa ya cinye, domin a leƙa bakin da ba ya masa ciwo, ba zai zo ba, kuma ban ga laifinsa ba. "A sa ido" a nan yakan koma "a manta". Saboda haka a ganina nisa ma alama ce ta haɗari, a lissafa ta tare da girman tabo da launinsa. Ƙaramin tabo mai iyaka a gefen harshe ko ƙasan baki, a bakin mutumin da ya sha wahala kafin ya iso Damagaram, ya fi kyau a cire shi duka a zama ɗaya a aika da shi awo, maimakon guntu yau, sakamako bayan watanni, yanka wata rana da ba ta zuwa.

Akwai hujja ta biyu, ita ce ta sa na fifita wuƙa a kan duk abin da ke ƙonewa ko daskarewa. Su dai mutanen Kofanhegan sun kwatanta sakamakon ɗan guntun farko da na tabon duka bayan an cire shi, a tabo 101. A guda 7 an tarar da sankara a ɓoye wadda guntun bai nuna ba. Da an ƙone waɗannan bakwai da leza, da sankarar ta tashi tururi a sama ta bar saiwa a ƙasa, kowa ya koma gida da murna. Wuƙa ba ta bukatar wutar da ba ta ɗaukewa, ba ta bukatar injiniya daga waje, ga shi kuma tana barin shaida. Rashin leza a kusa ba shi ne babban rashin mutumin Dogo-Dogo ba. Kwalbar formol, da hanyar da za ta bi ta je ta dawo da amsa, sun fi ta muhimmanci. Inda wuƙa ke gazawa shi ne tabo mai yaɗo, wanda aka siffanta a 1985, mai fitowa wurare da yawa yana kauri yana tsiro, galibi a bakin tsofaffin mata. Wannan ko an yanke yana dawowa, kusan rabinsa ko fiye yana ƙarewa a sankara, kuma mai shi ba ta rabuwa da babban asibiti.

Wanzami fa? Shi ne mai fiɗa mafi kusa, shi ke cire beli, shi ke ƙaho da sakiya, kuma mutane sun yarda da hannunsa. A kan wannan tabo kam hannunsa ba shi da abin yi. Kankarewa da aska, ko lalas, ko shafa kanwa da wasu saiwoyi masu ci, suna ɗebe saman su bar ƙasan, su kuma rikita wurin da tabon ƙuna har likita ya kasa gane iyaka. Amma idonsa yana da amfani. Mutumin da ke leƙa bakin jama'a tun yana yaro a gaban ubansa zai iya koyon abu uku a yini ɗaya: farin da ba ya gogewa, jan da ba ya ciwo, gyambon da ya wuce sati uku. Ya ce, "Baba, wannan ba nawa ba ne, a je wajen majo." A Damagaram ƙungiyar Sentinelles ta Suwizalan tana aikin cutar noma, mai cin bakin yara, tun 1992, kuma ta wannan hanya ma'aikatan lafiya da yawa a jihar suka saba buɗe bakin yara. Fitilar da ta duba jika za ta duba kaka. A Kerala ta Indiya an gwada irin wannan tun daga 1996: ma'aikatan da ba likitoci ba suka riƙa bi gida-gida suna duba baki da ido kawai, sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna mutuwar sankarar baki ta ragu da kashi 34 cikin ɗari tsakanin masu taba da masu giya.

Zabiya suna da tasu matsalar, kuma rana ce ke kawo ta. Leɓen ƙasa yakan bushe, ya yi ɓawo, ya tsattsage, iyakarsa da fatar haɓa ta dushe. In awo ya nuna ɓarna, ana feɗe jan leɓen daga kusurwa zuwa kusurwa, a jawo fatar ciki a rufe. Yana warkewa da kyau, amma malfa da man kare rana ba su da ranar ajiyewa.

Wanda za a yi wa aiki ya faɗa wa likita in yana da suga, ko hawan jini, ko amosanin jini, ko yana shan asfirin. Bayan aiki, kwanakin farko na koko ne da kunu da suka huce, da fura mai ruwa wadda ba yaji. Washegari a fara kurkure baki a hankali da ruwan gishiri mai ɗumi. Asuwaki ya kauce wa wurin. Inda aka bari ba ɗinki zai yi wani farin rufi, wannan warkewa ce, kada a kankare. Jinin da ya ƙi tsayawa bayan an danna da tsumma mai tsabta, ko kumburin da ke ɗaga harshe, ba ya jiran safiya.

Sai takarda. Kafin mutum ya bar asibiti ya nemi a rubuta masa gefen da tabon yake, da girmansa, da abin da awo ya ce, da ko gefen naman ya fita tas. In akwai mai waya a gida, a ɗauki hoton wurin kafin aiki da bayan ya warke. Da wannan takarda da wannan hoto, dubawar wata uku-uku a shekarar farko, da ta wata shida-shida bayan haka, ba sai an je Damagaram ba. Majo zai iya: ya kama harshe da bandeji ya jawo shi dama da hagu, ya ɗaga shi ya duba ƙasa, ya bi kunci da dasashi da ganɗa, ya sa yatsa ya ji ko akwai tauri, sannan ya shafa wuya. Kaluluwar da ta zo da zafi da zazzaɓi galibi ta haƙori ce ko ta maƙogwaro. Wadda ta yi tauri, ba ta ciwo, ta kuma wuce sati uku a gefen da aka yi aikin, takardar turawa ake rubuta mata a ranar.